Ki Cire Su Kafin Ki Tayar da Inji

Madakiya,
ta hanyar Kafanchan.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙonsa ya sa kin sauka Mararaban Rido lafiya, ya raba motarku da gaggawar direba da mugayen mutanen hanya, ya sa kin iske Anti Ladi da yaranta cikin ƙoshin lafiya. Ki gaishe ta, ki ce na gode da ta karɓe ki. Ubangiji ya tsare ki a gidan da ba ki saba da shi ba, ya ba ki barci mai daɗi a kan tabarmar da ba taki ba.

Na tura wannan takarda cikin buhun accan da na ɗaura miki, domin na san idan na miƙa miki hannu da hannu za ki ce, "To, Mama," ki ajiye, ba za ki buɗe ba. Da Hausa na rubuta saboda ban iya rubuta yarenmu ba, Turancina kuwa na gaisuwa ne kawai. Rubutun ya karkace. Ki yi haƙuri, kin san hannun da ya yi shi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, daga cikinsa kika fito. Magana ɗaya ce ta hana ni sakewa. Ladi ta gaya mini aikin da za ki riƙa yi mata, wato injin markaɗen da ke gaban shagonta, tumatir da tattasai da wake, daga safe har yamma. Ni kuma na ga hannuwanki sa'ad da kike ninke kayanki. Zobba uku a yatsa ɗaya, biyu a wancan, har babban yatsa bai tsira ba. Tun da zuciyata ta haɗa injin nan da hannun nan, abinci bai sake yi mini daɗi ba. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna ba ni da sauran bakin da za ki saurara a kan zobe. Ni na lalata shi da kaina. To bari in gaya miki yadda na yi, daga farko, tunda ban taɓa gaya miki ba sai da tsawa.

Ina kamar shekarunki na sayi zobba na farko. Na raka Kakarki kasuwar Kafanchan da kwandon makani, ta ba ni ɗan abin da zan sayi takalmi. Ban kai wurin masu takalmi ba. Akwai wani ɗan koli, Malam Habu, wanda tun kakanninsa a kasuwar nan suke ciniki, kuma ya san kowace yarinya da ƙauyensu. Zobbansa iri biyu ne. Waɗansu yana naɗe su a tsumma cikin gwangwani, waɗansu kuma a zube cikin faranti suna ta ƙyalli.

Ya ce mini, "'Yar Madakiya, na cikin gwangwanin nan azurfa ne. Ba ya ɗaukar ido, amma har jikarki za ta sa. Waɗannan na faranti kuwa, kin ga yadda suke miki dariya? Damina ɗaya ce ransu."

Na ce, "Malam, abin da zai ba ni ɗaya a gwangwani, me zai ba ni a faranti?"

Ya ce, "Zai cika miki hannu."

"To cika mini."

Ya yi dariya har hularsa ta goce. Yana sa mini yana cewa, "Yatsu goma dai Allah Ya ba ki. Ko kin bar waɗansu a gida ne?"

Da Kakarki ta ganni, ta sauke kwando ta kama haɓa. Kin tuna irin Hausarta. Ta ce, "Wannan yarinya, kai zai yi noma da wannan hannu? Ko ka zama matan gwamna ban sani ba? Ina takalmi?"

Na dawo gida da tsohon silifa mai ɗinki da hannu mai walƙiya, kuma a ranar babu wadda ta fi ni farin ciki a duk Madakiya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Rifkatu, na iya sa su. 'Yan matan ƙungiyar mawaƙa sukan zo gidanmu kafin biki su baje nasu a kan zane, ni ce mai cewa wannan ya hau kan wancan, wannan a mayar da shi hagu. Ni ce kuma mai buga tulu a majami'a. Idan tafina ya faɗa bakin tulun, zobban sukan ƙara wata 'yar ƙara siririya a kan kiɗan, har matan da ke baya su ce, "Saratu ta zo." Ina son wannan fiye da yadda ya kamata.

Kuskurena na fari ke nan. An nuna mini mai kyau guda ɗaya, na zaɓi tarkace masu yawa, don yawa ake hangowa daga nesa. Idan kina son zobe, 'yata, ki jira har ki iya sayen na kirki, ko da guda ɗaya ne a shekara. Na ga irin waɗanda kike saya yanzu. Na faranti ne. Daga bakin ƙofa na gane su.

Damina ta sauka kamar yadda Malam Habu ya faɗa. Muka shuka citta, muka yi ta ɗebo ganye muna rufe ta, ga gumi, ga wanki, ga ruwan sama. Ƙyallin ya tafi. Wata rana na murza ɗaya daga cikinsu sai na ga fatar da ke ƙarƙashi ta zama kore. Daga kore ta fara ƙaiƙayi, daga ƙaiƙayi ta fara salewa. Da lokacin tonon citta ya yi, muka zauna gindin mangwaro muna tsaga ta da wuƙa, ruwan cittar yana shiga ƙarƙashin zoben yana cina kamar barkono.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In cire su, in wanke, in bar iska ta sha wurin. Amma idan na cire, kowa zai ga tabon, kuma Kakarki za ta ce ai ta faɗa. Sai na koma kasuwa na sayi wani mai faɗi na rufe wurin. Tabon ya wuce gefensa, na ƙara wani a sama. Ya sake wucewa, na ƙara wani a ƙasa. Mutane suna cewa Saratu ta fito da sabon sitayil, 'yan mata suna kwaikwayona, ni kuwa ciwo nake rufewa. Daga nan na daina cire su ko kaɗan. Da su nake wanka, da su nake tuƙa tuwo, da su nake kwana.

A wannan lokacin Babanki ya fara zuwa gidanmu. Shi ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Ranar farko da ya kama hannuna a hanyar rafi ya ɗaga shi yana aunawa, ya ce, "Saratu, idan yunwa ta zo ba mu da damuwa. Hannunki kawai za mu kai wa masu sayen tsohon ƙarfe."

Na fizge hannuna na ce, "Sai ka nemi mai hannun wofi."

Ya ce, "Na nema, duk ba su iya faɗa kamar ke ba."

Bayan aurenmu ya ga tabon. Shi kaɗai ya taɓa gani. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Cire su na ɗan kwana biyu, ki shafa man kaɗe, zai warke. Ni dai ba ƙarfe na aura ba." Na ce sai bayan Lahadi. Lahadi ta wuce, na ce sai bayan bikin ƙanwarsa. Ban taɓa samun makon da ya dace a ga hannuna tsirara ba.

Rifkatu, na ga kina sosa gindin yatsanki na tsakiya idan kina tsammanin ba mai kallonki. Na san wannan sosar. Kada ki rufe wurin da wani zobe. Kowace yamma ki cire su duka, ki wanke hannu, ki shanya shi, ki dubi fatarki da kyau. Idan ta canza launi, zoben ne ba shi da kyau, ki yar da shi. Kunyar tabo ta mako ɗaya ce. Ni da na guje mata, ga inda na tsaya.

An sake yi mini gargaɗi, kuma ke ce kika kawo shi. Ina da cikinki, ƙafafuna da hannuwana suka kumbura. Na je awo, nas ɗin ta kama hannuna za ta gwada ni sai ta tsaya.

Ta ce, "Madam, wannan hannu ne ko shagon koli?"

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya.

Ta ce, "Ba wasa nake ba. Ki cire su yau. Gaba kumburin zai ƙaru."

Na ce to. Ban cire ba sai da zafi ya hana ni riƙe muciya. Muka sa sabulu, muka sa manja, Babanki ya naɗe yatsan da zare yana ja a hankali. Waɗansu suka fita, guda biyu suka ƙi. Yatsan ya yi baƙi, ya yi sanyi, ban iya lanƙwasa shi ba. Babanki ya ɗauke ni a kan keke da wannan tulin cikin har wurin maƙeri, aka zura wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashi, aka yi ta gogawa da magagari ina kuka kamar ƙaramar yarinya. A hanyar dawowa na yi wa Babanki alkawari, na yi wa Allah alkawari, cewa ni da zobe har abada.

Ban yaye ki ba na koma kasuwa. Ranar da aka kai ki majami'a don a sa miki albarka, na dubi hannuna a kan farin zanen da na rungume ki da shi, na ga kamar hannun wata baƙuwa. Na ce guda ɗaya kawai. Kin san sauran.

Abin da na koya a nan ƙarami ne, amma ki riƙe shi. Kada ki gwada zobe da sanyin safiya, yatsa yakan motse a lokacin. Ki gwada da rana tsaka, bayan kin yi tafiya, lokacin da hannu ya cika. Wanda sai da sabulu yake fita, ba naki ba ne, komai kyansa. Idan kuma kika jera uku a yatsa ɗaya, sun fi ɗaya matsewa, ko da kowannensu daidai yake. Kuma alkawarin da mutum ya yi cikin zafin ciwo ba ya daɗewa. Kada ki dogara da shi. Ni na dogara.

Yanzu na zo wurin da ba na son zuwa.

Kina firamare lokacin. A shekarar ne wani mutum ya kawo injin tsaga citta unguwarmu, aka daina zaman wuƙa a gindin mangwaro. Mata sukan ɗauko buhu su juye cittar a bakin injin, ɗaya tana turawa, wata tana kwashewa a ƙasa a kai shanya. Mama Tabita, matar dattijon majami'armu, ita ke raba mana aiki. Da safen nan ta dubi hannuna ta ce, "Saratu, cire kayan nan. Nan ba wurin biki ba ne."

Na ce, "Mama, sun saba da aiki. Tare muka yi noman bana."

Ta ce, "Noma daban, inji daban. Inji bai san mutum ba."

Na ce bari in gama wannan buhun. Gaskiyar ita ce tabon ya dawo, kuma mata sun fi goma a wurin, cikinsu har da waɗanda nake jera wa zobba a dā. Ga shi da yamma akwai koyon waƙa, na yi niyyar wucewa kai tsaye daga wurin aiki.

Akwai wani zobe mai ɗan dutse shuɗi da nake sawa a saman zobban yatsana na tsakiya, 'yan ƙafafun da suka riƙe dutsen sun ɗan buɗe saboda tsufa. Bakin buhun ya tsiyaye, zarensa yana lilo. Ina juye cittar, zaren ya faɗa cikin injin, ɗaya bakinsa kuma ya sarƙe a ƙafar dutsen. Ban ji zafi da farko ba. Ja na ji, kamar yaro ya kama hannuna yana so in zo in ga wani abu. Da hannun wofi ne, da zaren ya zame ya wuce. Na yi ihu, ƙarar injin ta shanye ihun. Mama Tabita ce ta ga fuskata ta ruga ta ture mai injin har ya kashe. Kafin nan, yatsana na tsakiya da mai bi masa sun tafi.

Da kika dawo daga makaranta aka ce miki Mama ta ji ciwo a wurin aiki. Abin da kika sani ke nan har yau, sai kuma abin da idonki yake gani.

Ba ki san abin da ya tafi tare da su ba. Tulu ya tafi. Na gwada sau ɗaya bayan na warke, sautin ya fito kamar ana buga buhun dusa, na ajiye na koma bencin baya. Fartanya ba ta zama mini a hannu. Ɗaurin itace sai na sa haƙori. Kuma tun daga ranar ban sake yi miki kitso ba. Kina zaune tsakanin ƙafafun maƙwabciya tana ja miki gashi kina kuka, ni ina cikin ɗaki ina jinki. Kin yi tsammanin ban damu ba ne. Na gwada a kan gashin masara a ɓoye, ya ƙi kamuwa.

Shawarar da ke nan ba ta da tsawo. Inji ba ya jin ihu, ba ya jiran ki gama buhu. Bai san ke 'yar wane ba ce, bai san kin yi addu'a da safe ba.

Da a nan kurakuraina suka tsaya, da yau ina da bakin magana. Mafi muni yana gaba, kuma a kanki na yi shi.

Ranar da kika fara dawowa da wani ɗan zoben roba da ƙawarki ta ba ki, kina murna kina nuna mini, ban zaunar da ke na ba ki labarin da na rubuta a sama ba. Na fizge shi, na tura miki wannan hannun a gaban ido na ce, "Kalli! Kalli da kyau!" Kika ja da baya har kika bugi bango. Na mai da ciwona bulala. Duk lokacin da na ga ƙarfe a yatsanki, haka nake yi. Babanki yakan ce, "Saratu, ki yi mata bayani, ba tsoro za ki ba ta ba. Jininki ce, idan an hana ta abu a nan take ƙara sonsa." Ban ji ba. Shi ne mai shiga tsakaninmu, kuma da ciwo ya ɗauke shi, babu wanda ya rage a tsakiya.

Bayan rasuwarsa kika fara tara su a gwangwanin madara a ƙarƙashin matashinki. Na sani. Wata Asabar kin tafi ɗiban ruwa, na ɗauko gwangwanin, ban ko buɗe ba, na kai bayan gida na jefa a masai. Na gaya wa kaina ceton ki nake yi.

Kika dawo, kika shiga ɗaki, kika fito.

"Mama, ina gwangwanina?"

Na ce, "Yana inda ya dace da shi."

"Ina ne?"

Na nuna miki bayan gida da baki. Kika daɗe a tsaye, ruwan da kika ɗebo yana ɗiga daga ɗankwalinki.

Kika ce, "Har da na Baba?"

"Wane na Baba?"

"Wanda ya saya mini da na ci jarrabawar shiga sakandare. Ɗan siririn azurfa. Ya ce in ɓoye kada ranki ya ɓaci. Kin ma duba kafin ki zubar?"

Ban duba ba. Ya kamata in durƙusa a wurin in roƙe ki. Maimakon haka girman kai ya riga ni magana, na ce, "Zobe ba zai dawo da shi ba."

Kika ce, "Na sani, Mama. Shi ya sa na ajiye."

Ba ki yi kuka a gabana ba. Daga ranar kika zama yarinya mai ladabi ƙwarai. Kina gaishe ni da safe, kina ɗora tukunya, kina cewa "to, Mama" ga kowace magana, amma ba ki sake zama kusa da ni kina ba ni labarin makaranta ba. Kika fara sayen sababbi, kuma kika daina ɓoyewa. Kina miƙo mini kwanon tuwo da hannu cike da su, idonki a ƙasa. Kowane ɗaya da kika ƙara, na san ni kike ba amsa.

Wannan ne yake kashe ni, Rifkatu. Ba tsoron mantuwa nake miki ba. Tsorona shi ne za ki tsaya gaban injin Ladi, ki tuna cewa ni na ce a cire, ki bar su saboda haka. Ni kunya ta hana ni cirewa. Ke fushi zai hana ki, kuma ni na shuka fushin.

Ki gafarta mini. Ban taɓa faɗa da baki ba, ga shi na faɗa a takarda, kuma na san ya yi latti. Abin da na jefa ba ya fitowa. Idan ba za ki iya gafartawa ba, na yarda, ki riƙe fushinki. Ki hukunta ni ta wata hanya. Kada ki kira ni a waya. Kada ki aiko da gaisuwa. Zan iya ɗaukar wannan. Amma kada ki biya ni da jikinki, don ba ni zan rayu da hannun ba, ke ce.

Ban hana ki sa zobe ba. Ban isa ba, kuma na gane ba daidai ba ne tun farko. Hannunki ya fi nawa kyau ko a lokacin da nawa yake cikakke, yatsun Babanki kika ɗauko, dogaye. Da na yi hankali, da tuni mun zauna a tabarma na nuna miki abin da na iya, domin kina yin kurakuran da nake gyara wa 'yan mata a dā. Kina sa masu dutse da yawa a hannu ɗaya, suna ta faɗa da juna, ido bai san inda zai sauka ba. Dutse ɗaya ya ishi hannu. Idan za ki jera uku, siriri a ƙasa, mai ɗan faɗi a tsakiya, siriri kuma a sama ya rufe. Yatsan da ke kusa da mai uku ki bar shi wofi, shi ne yake sa a ga na maƙwabcinsa. Ƙaramin yatsa ɗaya kawai yake ɗauka. Na babban yatsa ya zama sumul, ba zane. Farin ƙarfe ya fi hawa fatarki fiye da mai ruwan zinariya, ban san wanda ya gaya miki akasin haka ba. Ki gwada ranar Lahadi ki gani. Sau da yawa kina wucewa ta gabana za ki majami'a, bakina yana ƙaiƙayin in ce, "Mayar da wannan hagu," sai in haɗiye.

Ki sa su ranar Lahadi. Ki sa su a biki, ki sa su idan kin yi wanka da yamma kin zauna gaban shago. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ki tayar da injin nan, ki cire su duka, har na babban yatsa, har wanda kike ganin sumul ne ba abin da zai kama. Ki bar su a ɗaki cikin ɗan kwano, ba a aljihu ba, don idan suna aljihu za ki ce bari in mayar da ɗaya kafin wani ya zo. Kada ki jira Ladi ta tuna miki. Ƙanwata ce, na san ta, tana da kirki amma hankalinta yana wurin ciniki, kuma ba ta son ɓata wa kowa rai. Za a yi ranar da mata za su yi layi da robobinsu, kowa tana cewa miyarta ta makara, sandar turawa ta faɗi ƙasa, tumatir ya tsaya a wuyan injin. Hannu zai tafi da kansa. Bel ɗin da ke juya injin ma na ga irin nasu, a buɗe yake yana gudu. A wannan ranar nake so hannunki ya kasance wofi.

Na rubuta duk wannan, amma ba ni da ƙarfin zuciya a kansa. Kakarki ta faɗa mini, Babanki ya faɗa, nas ta faɗa, Mama Tabita ta faɗa ana saura kaɗan. Dukansu ina ganin girmansu, ba wanda ya taɓa zaluntata, kuma ban ji ba. Ke kuwa wadda ta zalunce ki ce take faɗa miki. Kuma na san wannan son ba ya mutuwa. Har yanzu idan ina zaune a bencin baya, matar da ke gabana ta ɗaga hannu tana waƙa, sai in tsinci kaina ina jera mata zobbanta a zuci, wa'azi yana wucewa ban ji ba. Idan ni da aka yanke wa yatsu haka nake, me zan sa rai daga gare ki?

Ladi ta ce za ta sake ki ki zo Kirsimeti. Ban sani ba ko za ki so zuwa. Idan kin zo, zan tsaya a bakin titi inda motocin Kafanchan suke sauke mutane. Idan kin sauko kika ga ban dubi fuskarki ba, kada ki ce har yanzu Mama ba ta canza ba. Hannuwanki zan fara dubawa. Ko sun zo da zobba ashirin ba zan ce komai ba. Su dai zo duka.

Ubangiji ya tsare ki da safe idan kin tashi, ya tsare ki a gaban aikinki, ya tsare ki daga zazzaɓi da mugun abokin shawara da haɗarin babban titi. Ya ba ki kunnen da bai samu a wurina ba. Abin da na kasa yi miki, shi ya yi. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu.